Lasisin masanan halayyar ɗan Adam: wa ya cancanci a yafe wa jarrabawa?

Idan haƙori ya dame ka, ba za ka buɗe wa wanda ba ka san inda ya koyo aikin ba bakinka. Amma idan zuciya ce ta cushe, barci ya ƙi zuwa, karatu ya ƙi shiga, da yawanmu waya muke ɗauka mu shiga TikTok ko Instagram, mu zazzage wa wani sirrinmu don kawai ya rubuta a shafinsa cewa shi masanin halayyar ɗan Adam ne. To wa ya ba shi izini? In ya ɓata, wurin wa za a kai ƙararsa?

Ra'ayina a taƙaice shi ne: wannan aiki yana buƙatar lasisi mai ƙarfin doka, kuma yafe jarrabawar lasisi ya halatta ne kawai ga wanda aka riga aka auna shi da mudu irin ɗaya. Girman suna ko tsawon kwalin da mutum ya riƙo bai isa hujja ba.

Mu fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke, ya yi karatun asibiti, yana rubuta magani, kuma yana da rajista da majalisar likitoci ta MDCN. Shi kuwa masanin halayyar ɗan Adam na ɓangaren asibiti, aikinsa gwajin tunani ne da jinya ta hanyar tattaunawa. Digirin farko kaɗai ba ya mai da mutum haka. Sai ya ƙara karatu mai zurfi, ya kuma yi aiki a ƙarƙashin kulawar wanda ya riga shi.

Dubi yadda Amurka da Kanada suka tsara abin. A can kowace jiha ko lardi ke ba da nata lasisin. Galibin jihohin Amurka suna neman digirin digirgir, sannan dubban awanni na aiki ƙarƙashin kulawa. Kalifoniya, alal misali, awa 3,000 take nema. Bayan haka sai jarrabawar EPPP, wadda ƙungiyar hukumomin lasisin da ake kira ASPPB ke shiryawa: tambayoyi 225 cikin awa huɗu da minti 15, kuma yawancin jihohi maki 500 suke nema a ma'aunin da ya tashi daga 200 zuwa 800.

Ga inda zancen yafewa ya shigo. Mutum ya shekara goma yana aiki a jiha guda, sai ya koma wata, a ce ya sake tattaro takardun makaranta da shaidar awanni tun daga tushe? Wannan wahalar banza ce. Shi ya sa ASPPB ta fito da wata takardar shaida mai suna CPQ. Ana ba wa wanda yake da digirin digirgir, ya riƙe lasisi aƙalla shekara biyar, kuma ba a taɓa hukunta shi kan saɓa ƙa'idar aiki ba. Jihohi da dama in suka ga wannan takarda sai su ɗauke masa sake tabbatar da karatu da horo da babbar jarrabawa. Amma ku lura fa: da yawansu har yanzu sai ya zauna ƙaramar jarrabawa kan dokokin jihar, domin dokar riƙe sirrin majinyaci da ta kai rahoton cin zarafin yaro ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Wato abin da aka riga aka gwada shi a kai ake yafe masa, wanda ba a gwada ba kuwa yana nan daram.

Kada wani ya ce ai wannan sai ƙasashen Turawa. Ƙasar Ghana ta kafa majalisar masanan halayyar ɗan Adam a ƙarƙashin doka mai lamba 857 ta shekarar 2013. A Birtaniya kuma, tun 2009 hukumar HCPC ke yi wa masu aikin rajista, kuma laifi ne mutum ya laƙaba wa kansa sunan masanin ɓangaren asibiti ba tare da rajistar ba.

Mu a nan, masu haɗa magani suna da PCN, injiniyoyi suna da COREN, ma'aikatan jinya suna da tasu majalisar. Ƙungiyoyin masanan halayyar ɗan Adam sun daɗe suna neman dokar da za ta kafa musu tasu. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da muka gada daga Turawan mulkin mallaka. Ci gaba ne, babu shakka. Sai dai doka kan haƙƙin majinyaci ba ta cika sai an san waye ke da ikon taɓa shi. Ba mu manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa, daga gidajen da ake kira na gyaran tarbiyya a Kaduna da Katsina. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, har da biyan kuɗi, saboda ba su da ma'aunin gane ƙwararre daga ɗan damfara.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutane sama da miliyan 200. Mai nema daga ƙauye sai ya yi doguwar tafiya kafin ya kai asibitin Barnawa ko Kware ko na Maiduguri. In aka ƙara tsaurara ƙofa, ba ƙara ƙarancin za a yi ba? Ai nan ne amfanin yafewa yake. Wanda ya shekara da shekaru yana duba marasa lafiya a asibitin koyarwa, da shaidar horo da tarihi mai tsabta, a ba shi wa'adi ya yi rajista ba tare da babbar jarrabawa ba. Wanda ya dawo da lasisi daga ƙasar da ma'auninta ya kai namu, a gwada shi kan dokokinmu da al'adunmu kawai, don wanda bai san zaman gidan Bahaushe ba zai sha wuya wajen fahimtar matar da ke kuka kan kishiya ko matashin da ya faɗa wa tiramadol. Amma farfesan da ya ƙare rayuwarsa a aji bai taɓa zama da majinyaci ba, da mai kwalin kwas na mako shida a intanet, su bi layi kamar kowa.

Mu 'yan poli mun fi kowa sanin daɗi da ɗacin wannan magana. 'Yan uwanmu na sashen akanta sun san ICAN na yafe wa mai babbar difloma daga makarantar da ta amince da ita matakin farko na jarrabawarta, saboda ta duba manhajar ta gamsu. Wannan adalci ne. Mun kuma san zafin a raina mutum tun kafin a gwada shi, don kawai kwalinsa HND aka rubuta a kai. Wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata ya goyi bayan a ɗaga wani saboda sunan kwali kaɗai ba. A duba me mutum ya iya, a kuma duba wa ya tabbatar.

Kafin doka ta kammala, akwai abin da ke hannunmu. Ƙungiyar ɗalibai ta nemi hukumar makaranta ta liƙa sunaye da cancantar masu aiki a ofishin ba da shawara, yadda kowa zai gani. Kai kuma ɗan uwa, ke kuma 'yar uwa, kafin ku buɗe wa wani cikinku, ku yi masa tambaya uku: a ina ka yi karatu, a hannun wa ka yi horo, kuma wace ƙungiya ce za ta hukunta ka in ka tona min asiri? Ƙwararre na gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya fara kame-kame kuwa, ku ɗauki jakarku ku ƙara gaba.