Araha Ba Ta Ado: Awon da ya Kamata a yi Kafin Sayen Gidan Farko a Kewayen Abuja

Tun daga ranar 12 ga Disamba 1991, lokacin da gwamnatin tarayya ta baro Ikko ta tare a Abuja, ƙananan ma'aikata da malaman makaranta da 'yan kasuwa suke fama da matsala guda, wato samun muhallin da aljihunsu zai iya ɗauka. Tsarin birnin da aka kammala a 1979 ya tanadi manyan tituna da unguwanni masu fasali, amma gidajen Maitama da Asokoro da Wuse sun fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Saboda haka jama'a suka kwarara zuwa garuruwan gefe, irin su Kubwa da Lugbe da Kuje da Gwagwalada da Nyanya, wasu kuma suka tsallaka zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja a Jihar Neja. A nan ne yawancin masu sayen gidan farko suke zuba abin da suka yi shekaru suna tarawa.

Gida shi ne ciniki mafi girma da akasarin mutane suke yi a rayuwarsu, amma abin mamaki, mutumin da zai kwankwasa tukunyar ƙasa kafin ya biya kuɗinta, shi ne zai sayi fuloti don kawai dillali ya ce masa yana da araha. Haƙiƙa araha kaɗai ba hujja ba ce. Garin gefe yana dacewa da mai sayen gidan farko ne idan ya tsallake awo huɗu: hanya, ruwan sama, ruwan sha, da takarda. Kowane ɗaya daga cikinsu abu ne da ɗalibin sakandare zai iya aunawa da agogo da alƙalami da ilimin da yake koya a aji.

Dalilin da ya sa fili yake araha a gefe

A shekarar 1826 wani Bajamushe mai suna Johann von Thünen ya lura cewa darajar gona tana raguwa gwargwadon nisanta da kasuwa, domin manomin da yake nesa yana kashe wani ɓangare na ribarsa wajen dakon amfanin gona. A 1964 William Alonso, masani a Amurka, ya ɗora wannan tunani a kan filayen birane. Abin da suka nuna shi ne, arahar filin nesa ba kyauta ba ce. Kasuwa ta riga ta cire kuɗin tafiya daga farashinsa. Mai sayen gida a Masaka bai kuɓuta daga tsadar Abuja ba, ya dai sauya yadda zai biya ta: maimakon ya biya gaba ɗaya ga mai fili, zai riƙa biya kullum ga direba da gidan mai. Tambayar da ta rage ita ce, shin abin da zai biya kaɗan-kaɗan ɗin ya gaza abin da ya tsira da shi, ko ya zarce?

Awo na farko: hanya

Hanya tana cin abu biyu, kuɗi da lokaci. Alal misali, a ɗauki ma'aikacin da gidansa yake kilomita 25 daga ofishinsa, yana da ƙaramar mota mai shan lita 10 a kowace kilomita 100. Zuwa da dawowa kilomita 50 ke nan, wato lita 5 a rana, lita 110 a kwanakin aiki 22 na wata. Idan aka ƙaddara lita a kan Naira 900, kuɗin mai kaɗai ya kai Naira 99,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne. Ba a sa kuɗin taya da bakin mai da gyara ba. Daɗin daɗawa, wannan lissafi yana iya rushewa dare ɗaya. Kafin a janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai Naira 200 ba a gidajen mai na Abuja; cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Wanda ya sayi gidan nesa da lissafin 2022 bai ƙara ko taku ɗaya a tafiyarsa ba, amma kuɗinta ya ninka sau da dama.

Dangane da lokaci kuwa, a 1994 masanin kimiyya Cesare Marchetti, ɗan ƙasar Italiya, ya nuna cewa a tsawon tarihi mutane kan ware kimanin sa'a guda a rana domin zirga-zirga, ko da ƙafa suke tafiya ko da jirgi. Abin da ya wuce haka, daga barci da hutu da zama da iyali ake yankarsa. Mararaba ba ta da nisa sosai da tsakiyar Abuja a taswira, amma duk wanda ya bi hanyar Nyanya zuwa mahaɗar AYA da sassafe ya san cewa taswira ba ta nuna cunkoso. Mutumin da yake shafe sa'a uku a hanya kullum, kwana biyar a mako, mako 48 a shekara, ya zubar da sa'a 720, wato kwana 30 cur, dare da rana. A 2008 masana tattalin arziki biyu, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun bi diddigin bayanan dubban magidanta a Jamus, suka gano cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi ƙarancin gamsuwa da rayuwa, kuma arahar gida ba ta cike musu wannan giɓi ba.

Don haka kada mai saye ya yarda da kilomita. Ya bi hanyar da kansa ranar Litinin da ƙarfe shida da rabi na safe, ya sake bin ta da ƙarfe biyar na yamma, ya duba agogo. Gani ya kori ji. Ziyarar ranar Lahadi da dillalai suke so ba ta nuna komai.

Awo na biyu: ruwan sama

Daminar Abuja tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma ruwan da yake sauka a shekara ya haura milimita 1,000. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fuloti mai ƙafa 100 da ƙafa 50 yana da faɗin kimanin murabba'in mita 450, saboda haka ruwan sama mai milimita 50 zai zuba masa lita 22,500. Lokacin da wurin yake gona ko daji, ƙasa da saiwoyi suna shanye kaso mai yawa. Da zarar an rufe shi da kwano da kankare, kusan duk ruwan zai gangara waje, ya haɗu da na maƙwabta ɗari, ya nemi kwari. Wannan shi ya sa unguwar da ba ta san ambaliya ba shekaru goma da suka wuce take iya nutsewa yau, ba don ruwan ya ƙaru ba, sai don gine-ginen da ke samanta sun ƙaru. Ambaliyar da ta shafi wasu rukunin gidaje na Lugbe a 2021 da 2023, da wadda aka sha gani a Lokogoma, darasi ne a kan gini a bakin rafi da hanyar ruwa.

Fili yana ba da labarin kansa ga mai lura. Baƙar ƙasa mai tsagewa da rani alama ce ta laka mai kumbura idan ta sha ruwa, wadda take tsaga harsashin gini. Yashi mai laushi da shara da suka maƙale a gindin bishiya, da zanen danshi a katangar maƙwabta, duk shaida ce ta inda ruwa ya taɓa kaiwa. Mafi kyawun lokacin duba fili shi ne watan Agusta ko Satumba, jim kaɗan bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. Tsofaffin Gbagyi mazauna wurin tun asali sun fi kowa sanin inda ruwa yake kwanciya, kuma tambayarsu ba ta cin ko kwabo.

Awo na uku: ruwan sha

Ruwan famfon Abuja yana fitowa ne daga madatsar ruwa ta Usuma da ke kusa da Ushafa, wadda ake ƙara mata ruwa daga madatsar Gurara, amma bututun bai kai ga unguwannin gefe da yawa ba. Can sai rijiya da rijiyar burtsatse da 'yan garuwa. Mafi yawan yankin yana kan tsohon dutse mai tauri ne, wanda ba ya riƙe ruwa sai a cikin ɓangarensa na sama da ya ruɓe da kuma tsagoginsa. Shi ya sa wani zai haƙa ya sami ruwa, maƙwabcinsa ya haƙa ya tarar da dutse busasshe. Rijiyar da ta cika a Satumba ba hujja ba ce. A tambayi halin da take ciki a Maris.

Akwai kuma batun tsabta. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Fulotin da aka ambata a sama tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ne, faɗinsa 15, kuma kowane maƙwabci yana da nasa ramin. A unguwa mai cunkoson gidaje, wannan tazara ba ta samuwa, kuma ta nan ƙwayoyin cutar taifot da kwalara suke samun hanya. Kuɗin ruwa da kuɗin magani suna cikin farashin gida, ko da ba a rubuta su a takardar ciniki ba.

Awo na huɗu: takarda

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. A Birnin Tarayya kuwa, wanda aka kafa da Doka ta 6 ta 1976 zamanin Janar Murtala Muhammed, ƙasa ta gwamnatin tarayya ce, kuma Ministan Abuja ne yake da ikon ba da ita. Abin da mutum yake samu shi ne haƙƙin zama na wa'adi, galibi shekara 99, tare da takardar shaidar da aka fi sani da C of O. Takardar da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu ba ta tsaya a matsayin wannan ba. Rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, sun raba dubban mutane da gidajen da suka gina da guminsu a kan irin waɗannan takardu. Kafin a biya ko sisi, wajibi ne a binciki fili a ofishin AGIS idan yana cikin Abuja, ko a NAGIS idan yana Nasarawa, a tabbatar da sunan mai shi da kuma abin da aka ware wurin dominsa. Kuɗin bincike da na lauya kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin gidan da katafila ta bi ta kansa.

Hujjar masu cewa a saya kawai

Akwai masu ganin duk wannan lissafi jan ƙafa ne. Suna cewa haya a Abuja ta shekara guda ko biyu ake biya gaba ɗaya, mai gida yana ƙara kuɗi yadda ya ga dama, Naira tana zubewa, fili kuwa kullum daraja yake ƙarawa. Sukan kawo misalin Kubwa, wadda a da ake yi wa kallon ƙauye, yau ga ta da babban titi da tashar jirgin ƙasa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma kwanciyar hankalin mai kwana a ɗakinsa ba ta da farashi. Sai dai Kubwa ta yi daraja ne domin hanya da ruwa da hukuma sun isa gare ta, ba don shekaru sun wuce kawai ba. Fili a cikin kwari ko fili mai takardar bogi ba ya zama nagari don an daɗe da shi. Bugu da ƙari, mai sayen gidan farko ba ɗan kasuwar filaye ba ne da zai saya ya jira shekara goma yana zaune a wani wuri. Shi a ciki zai kwana, daga nan zai fita aiki gobe, kuma idan cinikin ya ɓaci ba shi da na biyu.

Haka nan batun bashi. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa dominsa, yana ba da lamuni a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari har tsawon shekara 30, amma yana neman ingantacciyar takarda. Wata cibiyar nazarin birane a Chicago ta ba da ma'auni mai amfani: kuɗin gida da na sufuri, idan aka haɗa su, kada su wuce kashi 45 cikin ɗari na abin da iyali suke samu. Hikimar ma'aunin ita ce haɗa biyun wuri guda, domin aljihu ɗaya ne yake biyan su.

Wane ne garin gefe ya dace da shi?

Garuruwan gefe iri biyu ne. Akwai wanda yake da rayuwar kansa, kamar Gwagwalada mai jami'a da asibitin koyarwa da kasuwa, akwai kuma wanda ɗakin kwana ne kawai, ya zama fayau da safe, ya cika da dare. Malamin da yake koyarwa a Gwagwalada, matarsa tana sana'a a nan, 'ya'yansa suna tafiya makaranta da ƙafa, ya ci ribar arahar ba tare da ya biya kuɗin nisan ba. Abokinsa da ya sayi gida a layi ɗaya da shi amma yana aiki a Sakatariyar Tarayya, kusan kilomita 50 daga nan, ya sayi wani abu dabam, ko da kuɗin da suka biya ɗaya ne. Ashe ba garin ake yi wa hukunci ba, dangantakar garin da rayuwar mai saye ake aunawa.

Malaman lissafi da labarin ƙasa suna da aikin aji a shirye a nan. Ɗalibai su zaɓi unguwa biyu, su auna lokacin tafiya da kuɗin mota na wata, su lissafa ruwan da rufin gida yake zubarwa, su auna tazarar rijiya da masai, sannan su yanke hukunci da alƙaluma. Yaron da ya yi wannan aiki yana ɗan shekara 16 zai yi wuyar ruɗuwa da zaƙin bakin dillali yana ɗan shekara 35. Idan fili ya tsallake awon nan huɗu, a saya ba tare da fargaba ba, ko da yana bayan gari. Idan ya faɗi a takarda ko a ruwan sama, a bar shi komai arahar sa, a ƙara shekara guda a gidan haya, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.