Ƙarfen da ke cikin ƙafa ya fi wayar da ke aljihu buƙatar kulawa

Matashi a Barnawa ko Sabon Tasha zai sayi sabuwar Tecno ko iPhone, ranar nan ya saka mata gilashin kariya da riga. Amma idan hatsarin babur a titin Kachia ya karya masa ƙafa, likita ya ɗaure ƙashin da ƙarfe da kusoshi, da an sallame shi sai ya manta yana ɗauke da na'ura a jikinsa. Wannan sakaci yana iya cin ƙafar.

Jini ba ya gudana a cikin ƙarfe, don haka garkuwar jiki ba ta iya kare shi kamar nama. Bakteriya irin su Staphylococcus aureus, da ke zaune a fatar mutane da yawa, kan manne masa su lulluɓe kansu da wani yauƙi mai kama da gansakukar jikin randa, wanda likitoci ke kira bayofim. Da zarar ya kafu, magani ba ya ratsa shi sosai. Sau da yawa sai an sake tiyata an wanke wurin, ko a cire ƙarfen. Haka lamarin yake ga na'urar daidaita bugun zuciya da robar fitsari.

Babban kuskure shi ne a ga kumburi, a tambayi TikTok ko Google, a wuce kemis a sayi ampiclox. Ciwon zai lafa na ɗan lokaci, ƙwayoyin kuma su koyi jure magani. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa ya ƙiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019.

Wayar tana da nata amfanin. Mai ƙarfe a jiki ya riƙa ɗaukar hoton ɗinkin kullum, ya adana hoton eksire da takardar sallama, ya saita ƙararrawar shan magani. Ya kuma wanke hannu kafin ya taɓa ciwon, domin fuskar waya matattarar ƙwayoyin cuta ce.

Idan wurin ya yi ja, ya ɗauki zafi, yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya taso, ya koma wurin likitan da ya yi aikin, ko asibiti mafi kusa kamar Gwamna Awan ko St. Gerard's a Kakuri, a ranar. Gara kuɗin Keke yau da kuɗin tiyata ta biyu.