ZAMANI RIGA: Kafin Ka Ƙirga Kuɗin Kwamfutar Cinya

 

A wannan karo mun sami wasiƙa daga wani bawan Allah, tela ne a Aboabo ta Kumasi. Ya ce 'yarsa ta sami gurbin karatu a jami'a, an kuma shaida mata lalle sai ta zo da kwamfutar cinya, wato wadda yara ke kira laftof. Ya ce ya daɗe yana zuba susu domin wannan rana, amma abin da ya tara bai kai kuɗin sabuwa ba, sai dai ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka, masu shaguna na ce musu hom-yus. Tsoronsa shi ne kada ya ɗauki gumin wata da watanni ya miƙa wa yaron shago, a ba shi abin da ba zai kai ƙarshen zangon karatu ba. Shi ne ya roƙe mu mu yi masa bayanin abin da ke cikin wannan na'ura da Hausar da zai gane.

To Malam, Allah ya sa wa karatun yarinya albarka. Tsoron nan naka kuwa yana kan hanya, domin ni kaina an taɓa yi mini. A shekarar 2015, lokacin da dumsor ya addabi ƙasar nan, na shiga wani shago a Ankara na sayi wata kwamfuta mai sheƙi, ba don komai ba sai don na ga an manna mata takarda mai lamba i7, yaron shagon kuma ya ce babu wadda ta fi ta. A shagon tana jone da wuta, ta yi aiki sumul. Daren farko da aka ɗauke wuta, ko minti 20 ba ta yi ba ta mutu. Na koma washegari aka ce ai ciniki ya faɗa. Tun daga ranar na ɗaura ɗamarar sanin kayan cikinta, kuma abin da na koya shi zan ba ka.

Ka ɗauki kwamfuta kamar shagonka na ɗinki. A ciki akwai mai ɗinki, akwai teburin da ake shimfiɗa yadi a yanka, akwai kuma kabad inda ake ajiye kayan jama'a. Mai ɗinkin shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin dukkan lissafi. Teburin shi ne RAM, inda take baza aikin da ke hannunta a wannan lokaci, da an kashe ta kuma sai a kwashe komai daga kai. Kabad ɗin shi ne rumbun ajiya, inda takardu da hotuna da manhajoji suke kwana. Idan tela gwani ne amma teburinsa ƙarami, aiki ba zai yi sauri ba. Haka nan idan tebur babba ne amma ƙofar kabad tana cijewa, kullum sai an tsaya jira. Saboda haka dukkan ukun ake dubawa tare.

Mu fara da ƙwaƙwalwar. Kamfanoni biyu ne suka fi yin ta, wato Intel da AMD. Na Intel su ne ake gani da sunan Core i3 da i5 da i7, na AMD kuma Ryzen. Inda ake yaudarar mutane shi ne a nuna musu i7 kawai, alhali kowace tana da zubi, kamar yadda mota ke da shekarar ƙira. Zubin yana cikin lambar da ke bin sunan. Alal misali i7-3520M, lamba 3 da ke farko tana nufin zubi na 3, wanda ya fito a 2012. Ita kuwa i5-8250U zubi na 8 ce, ta 2017, kuma ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba. Daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa, wato i5-1135G7 zubi na 11 ke nan.

Wannan magana ta zubi tana da muhimmanci saboda wani dalili kuma. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Wadda ta gaje ta, Windows 11, da ta fito a 2021, a ƙa'ida tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen jerin 2000 zuwa sama. Wasu masu gyara suna iya cusa ta a kan tsohuwar na'ura ta bayan gida, amma kamfanin bai ɗauki alhakin irin wannan ba. Tun da yarinya shekara 4 za ta yi, shawarata ita ce kada ka sauka ƙasa da zubi na 8.

Sai RAM. Da gigabait ake auna ta, ana rubuta GB. Windows 11 tana tashi da 4GB, amma da ɗaliba ta buɗe intanet da takardar rubutu da littafi guda, sai na'urar ta fara ja da ƙafa. Nemi mai 8GB, idan hali ya yi 16GB. Ka kuma tambaya ko ana iya ƙarawa nan gaba, domin a wasu siraran kwamfutoci an like RAM ɗin a jikin allon ciki, ba a cirewa, ba a ƙarawa.

Rumbun ajiya iri biyu ne. Akwai tsohon yayi, HDD, wanda a cikinsa faifai ne ke juyawa, yawanci sau 5400 a minti guda, da wata 'yar allura tana karantawa. Idan kwamfuta ta faɗi ko ta sha girgiza a cikin trotro, wannan faifai na iya lalacewa da duk abin da ke kansa. Sai kuma SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, ga sauri, ga jure wahala. Yaron shago zai iya ce maka ga mai 1000GB, ka ji lamba babba ka yi murna, alhali HDD ce. Ga ɗalibi, SSD mai 256GB ta fi ta amfani.

To yaya za ka tabbatar da waɗannan abubuwa uku? Kada ka dogara da takardar da aka manna, domin manna takarda ba wuya. Ka tafi da yarinyar, ko wani yaro na gida mai ɗan sani. A kunna na'urar a gabanku, a danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda. Wani shafi zai buɗe mai suna Task Manager, a shiga inda aka rubuta Performance. A nan za a ga cikakken sunan ƙwaƙwalwar da lambarta, da yawan RAM, da kuma ko rumbun SSD ne ko HDD. Mai shagon da ya hana ka wannan dubawa ya riga ya ba ka amsa, sai ka yi masa sallama.

Yanzu sai batir, inda ni na sha kashi. Batirin kwamfuta irin na wayar hannu ne, yana tsufa, kullum abin da yake riƙewa raguwa yake yi. Abu na farko, a zare caja, a bar na'urar tana aiki kuna kallon yadda lambar cajin ke sauka. Abu na biyu, Windows da kanta tana ba da rahoto. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, sa'an nan a buɗe takardar da ta fitar. Za a ga lambobi biyu, wato ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yau. Idan alal misali na farko 50,000 ne, na biyu 20,000, to batirin ya tafi, sai a rage maka kuɗin sabo daga cikin ciniki. Idan kuma ka ga wurin da ake goga yatsa ya ɗago, ko gindin na'urar ya yi ciki, batir ne ya kumbura. Wannan yana iya kama wuta, ko kyauta aka ba ka kada ka kai shi gida.

Caja ma abin dubawa ce. A jikinta da kuma ƙarƙashin kwamfutar an rubuta ƙarfin wutar da ake bukata, yawanci 19V ko 19.5V ko 20V. Lalle lambar caja ta yi daidai da ta na'ura. Akwai kuma wat, kamar 45W ko 65W ko 90W. Ta caja tana iya fin abin da na'ura ke nema, amma kada ta gaza. Wutar gidajenmu 230V ce, cajojin asali kuwa suna karɓar daga 100V zuwa 240V, saboda haka wadda ta zo daga Amurka ma za ta yi, sai dai a canza mata igiya mai baki uku irin na soket ɗinmu. Caja mara nauyi a hannu, mai araha ƙwarai, ita ce ke ƙone allon ciki, gyaransa kuwa wani lokaci ya kusa kuɗin wata kwamfutar. Araha ba ta ado.

Sauran abubuwan da ido da hannu ake gane su. A buɗe farin shafi a duba fuskar, kada a ga ɗigo ko zane ko wani wuri mai duhu. A buɗe murfin a rufe sau da yawa, a ji ko mahaɗarsa tana ƙara ko ta saki. A danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. A lura kuma da jerin haruffan, domin wadda ta fito daga Faransa layinta na sama da AZERTY yake farawa, ta Jamus da QWERTZ, mu kuwa QWERTY yaranmu suka saba da shi. A soka filash a kowace kafar USB, a gwada kafar HDMI da ake haɗawa da talabijin ko majigi, a gwada kyamara da lasifika da makirufo, tun da yanzu wasu darussa ta intanet ake yi. A haɗa ta da intanet ɗin wayarka a ga tana kamawa. Daga ƙarshe a sa mai shago ya shiga BIOS a gabanka. Yawancin waɗannan na'urori daga ofisoshi da makarantu suka fito, wasu da makullin sirri a kansu, wanda idan babu shi wata rana ba za a iya gyara komai ba. Kada ka fita sai da rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da yawan kwanakin da aka yarda ka dawo da ita.

Bayan saye sai riƙo, wannan kuma da ke nake, 'yata. A cikin kwamfuta akwai ƙaramar fanka da ke fitar da zafi ta wasu 'yan ramuka a gefe da ƙasa. Ɗora ta a kan katifa ko filo toshe mata hanci ne, zafi kuwa shi ne ke rage mata sauri yana kuma cin batir. A kan tebur ake ɗora ta, ko faranti mai faɗi. Lokacin hunturu ƙura tana cika fankar, saboda haka a rufe ta a jaka idan an gama, kana a kai wa mai gyara ya share cikin ko da sau ɗaya a shekara. Idan aka ɗauke wuta a zare caja daga bango, domin dawowar wuta da ƙarfi ita ce ke yin ɓarna. Kada a ɗaga ta ta murfi, kada a rufe ta da biro a tsakiya.

Koko da shayi kuwa a nisanta su. Idan tsautsayi ya sa ruwa ya zuba, a danne maɓallin kunnawa har ta mutu, a zare caja, a kife ta a buɗe, a kai wa mai gyara. Kada a ce bari a kunna a gani ko tana yi, wannan kunnawar ce ke ƙarasa ta. Binne ta cikin shinkafa ba ya fitar da ruwan da ya shiga allon ciki. Sa'an nan kowane aiki mai muhimmanci a ajiye kwafinsa a filash ko a intanet, domin ana iya sayen wata kwamfuta, amma aikin shekarar ƙarshe idan ya tafi sai an sake shi daga farko.

Wani abin da zai faranta wa masu karatunmu rai shi ne, Windows tana da tsarin rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, tana kuma da na Larabci, a wurin zaɓen harshe ake ƙara su, ba a biyan ko sisi. Ke nan na'urar da aka saya domin boko za ta yi wa gida aikin wasiƙa da na makarantar Islamiyya.

Malam, a taƙaice ga abin da za ka rubuta a takarda ka sa a aljihu: zubi na 8 zuwa sama, RAM 8GB, SSD 256GB, batir mai rai, cajar asali, da rasit. Kada kunya ta hana ka tambaya a shago, kuɗinka ne, kuma matambayi ba ya ɓata. Idan ka sayo, muna so ka sake rubuto mana mu ji yadda aka ƙare.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake sa wa kwamfuta haruffan Hausa da na Larabci daki-daki. Mai tambaya ya aiko da wasiƙarsa ta hannun Edita kamar yadda aka saba. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba yaranmu ilmi mai amfani. Wassalam.