Hannun da zai ɗauki sharar gidanku

Ɗalibai, kun taɓa duba hannun yaran da ke tonon bola a Rano? Ba safar hannu, a ƙafa kuwa silifas ne. Da yawansu sa'o'inku ne, suna neman ƙarfe da roba su sayar. Gab da damina kuma manoman Rano da Kibiya kan kwashi shara a mangala su kai gona don taki, su ma da hannu suke tsince leda.

A cikin tulin nan akwai fasasshiyar kwalba, reza, ƙusa mai tsatsa da robar maganin feshi. Ni dai allurar da aka riga aka yi wa wani ta fi ba ni tsoro, domin sukarta ɗaya tana iya sa wa mutum ciwon hanta. Ƙusa kuwa, in ta huda ƙafa a wurin da ke da kashin dabbobi, cutar sarƙewar haƙora na iya shiga, musamman ga wanda bai yi rigakafi ba.

In an aike ka zubar da reza ko gilashi, saka su a gwangwani ka matse bakinsa. Wanda ya yanke kuma ya wanke da sabulu, ya je asibiti a ranar, kada ya shafa toka ko ƙasa.