Zauren Zango: Ranar rufe ajin rubutu, ranar yara ce

Ranar Asabar da ta wuce mun zauna a makarantar da ake ba mu aron ɗakunanta a Nima domin tsara bikin rufe ajin rubutu na yara na wannan hutu. Mun ga ya dace mu kawo muku abin da muka tsayar, tunda ku ne iyayen da za a gayyata.

Bari mu fara da laifinmu. Bara mun kafa rumfa, muka yi hayar kujeru da lasifika, muka gayyato manyan baƙi. An sa ƙarfe biyu, amma ba a fara ba sai bayan la'asar saboda jiran babban baƙo. Shugaban taro ya yi jawabi, uban taro ya yi nasa, aka shiga gabatar da na kan babban tebur ɗaya bayan ɗaya. Kafin a zo kan yara ladan ya kira magariba. Cikin yara 40, uku kaɗai suka karanta abin da suka rubuta. Akwai wata yarinya 'yar shekara tara da ta rubuta labarin kakarta, ta koma gida da takardarta a naɗe a hannu. Uwarta kuwa ta tashi daga teburin kokonta tun hantsi don ta zo ta ji. Bana sai da muka je har gida muka ba da haƙuri kafin ta yarda ta sake turo ta.

Dalilin da ya sa abin ya dame mu shi ne, a nan Gana Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta ware don koyarwa a makarantu, irin su Tuwi da Ga da Dagbani. Yaronmu yana jin Hausa a gida da kasuwa da rediyo, amma babu mai nuna masa yadda ake rubuta ɓ da ɗ da ƙ. Alhali rubutun Hausa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami waɗanda har yau masana ke nazarinsu. To, in yaro ya yi mako uku yana koyon rubutu da harshen iyayensa, sannan iyayen ba su ji ko layi ɗaya ba, ina ribar?

Ga abin da muka tsayar bana. Za a yi taron ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe, a tashi kafin azahar, ko wane ne bai iso ba. Liman zai buɗe da addu'a, sannan jawabi ɗaya tak na minti biyar. Daga nan fili na yara ne. Kowane yaro zai karanta nasa, minti biyu, ƙanana su fara domin su ne ba sa iya jira. Mai jin kunya a bar shi ya tsaya da abokinsa ko da malamarsa. Babu babban tebur. Layin gaba na iyaye mata da kakanni ne, domin yawancin labaran daga bakinsu yaran suka ɗebo su. Ba za a fid da na ɗaya da na biyu ba. Kuɗin da muka kashe bara a kan kyautar mutum uku, bana za mu buga ɗan littafi da shi, mai ɗauke da rubutun kowa da sunansa, kowane gida ya tafi da kwafi ɗaya. Waɗanda suka rubuta da ajami za a sa nasu yadda yake, domin akwai dattawanmu da ba su san boko ba amma ajami ba ya ba su wahala.

Inda muka fi daɗewa muna muhawara shi ne batun gyara. Kowa ya san Hausarmu ta Zango ta sha bamban da ta Kano. Ba kullum muke bambance namiji da mace a magana ba, kuma kalmomin Tuwi da na Turanci sun shige mana baki. Wasu daga cikinmu suka ce a daidaita rubutun yaran da Hausar littattafai irin ta Magana Jari Ce, kada a yi mana dariya. Wasu suka ce yaron da aka sauya masa magana ba zai gane labarinsa ba, kakarsa ma ba za ta gane muryarta a ciki ba. Daga ƙarshe muka raba gardama kamar haka: ƙa'idar rubutu a koyar da ita a aji, a gyara haruffa kafin a buga littafi, amma zancen da yaro ya sa a bakin kakarsa a bar shi yadda ta faɗa. Ranar taro kuma babu malamin da zai katse yaro don gyara.

Saura roƙonmu gare ku. Ku zo da kanku, kada ku aiko yayan yaro ya wakilce ku. Iyaye maza musamman, bara da wuya muka ƙirga goma. Idan naka ya gama karatu kada ka tashi, ka zauna ka ji na maƙwabcinka, domin na ƙarshe ma yana da uwa. In yaro ya yi tuntuɓe, a yi shiru har ya ɗauko zarensa. Da kun koma gida kuma, ku sa shi ya sake karanta wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yarinyar nan ta bara ita za ta buɗe karatu bana, kuma mun ajiye wa uwarta kujera a layin gaba. Allah ya kai mu ranar lafiya, ya shirya mana zuriya, amin. Sai wata mai zuwa.