Madarunfa: bindiga a mota, kariya ko ƙarin haɗari?

Satar shanu da garkuwa da mutane a gundumar Madarunfa, mai iyaka da jihar Katsina, na iya sa ɗan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa ya ɓoye ƙaramar bindiga a mota. Sai dai a Nijar, mallakarta sai da izinin hukuma. Mai izinin ma, in ya bar ta ƙarƙashin kujera, ɓarawon da ya fasa gilashi ya samu makami a ɓagas. Wurin ajiyarta shi ne akwatin ƙarfe mai makulli, ɗaure da jikin motar, harsasai kuma a ware daban. Tun 1994 hukumar CNCCAI ke tattara haramtattun makamai. Kowace bindiga da aka sace daga mota ƙarin ƙarfi ce ga ɓarayin daji.