Komawa sitiyari bayan shekaru: a yi hattara da sabuwar hanya

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan karin magana kan faɗo mana a rai duk lokacin da muka dubi magidanta ƴan shekara 45 zuwa 55 na ƙasar Yelu da sauran garuruwan Gaya, waɗanda suka aje tuƙin manyan motoci tun shekaru goma ko sha biyar da suka wuce, yau kuma ga su sun kakkaɓe permi suna bin masu motoci don a ba su makulli. Mu a wannan jarida muna yi musu barka da dawowa. To amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: jikin mutum ya sake, mota ta sake, hanya ma ta sake. Duk wanda ya koma sitiyari bai yi lissafin waɗannan abubuwa uku ba, ya sa ransa da na jama'a cikin hatsari.

Kowa ya san dalilin da ya sa tuƙi ya zama gadon gida a wannan yanki. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 7, wadda ta taso daga Doso ta nufi Gaya, ta ratsa Malgoru cikin ƙaramar hukumar Yelu, kuma shekara da shekaru ita ce ta riƙa ɗauko mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, mai nisan kilomita dubu da ɗoriya daga Yamai. A wancan lokaci jirgin ƙasa na OCBN iyakarsa Faraku, daga nan sai kamyo. Yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu ta ba motocin Nijar kashi biyu cikin uku na wannan kaya. Saboda haka yaro kan tashi ya shiga aparanti, ya wanke mota, ya sa waiji, ya kwana ƙarƙashin tirela, har ranar da ubangidansa zai ce masa ya isa. Daga baya da dama suka sauka. Wani tsufan iyaye ya dawo da shi gona, wani ya kama noman rake da rogo a fadamun Dallol Mauri, wani ya sayi babur yana kabu-kabu, wani kuma ya shiga sayar da man fetur da ake shigowa da shi ta wajen Kamba.

Waɗannan ƙananan sana'o'i su ne suka sha duka ɗaya bayan ɗaya. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ranar 29 ga Mayun 2023 ta janye tallafin mai, ribar ƴan bumburutu ta zube. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka datse gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma hukumomin Yamai suka bar nasu ɓangaren gadar a rufe bisa dalilan tsaro, kaya da mutane suka koma tsallake kogi cikin jiragen ruwa. Manyan kaya suka karkata zuwa Lome, suna ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera cikin ayari, da rakiyar sojoji. A watan Mayun 2024 kuma gwamnati ta keɓe ɗaukar kayan Nijar daga Lome ga motocin Nijar da na Togo. Mai gida da ke da baki goma a gidansa, ga kuɗin makaranta ga na magani, in ya ji ana neman direba, ba wanda zai ce masa kada ya je.

Babu abin kunya a nan. Mai furfura da ya koma neman halalinsa ya fi wanda ya zauna a majalisa yana jiran a ba shi. Kuma masu motoci na kirki sun san darajar irin wannan direba: yana jin kukan inji ya san inda ciwo yake, ya san yadda ake sauka gangare da kaya ba tare da ƙona birki ba, ba ya tseren banza, kuma ya san yadda ake magana da jandarma da ɗan duwan ba tare da an kwana a shinge ba. Wannan ilimi ba a sayar da shi a makarantar koyon tuƙi.

Sai dai idon ɗan shekara 50 ba shi ne na ɗan shekara 30 ba. Likitoci sun daɗe suna faɗa cewa daga shekara 40 gani na kusa yana raguwa, hasken fitilar motar da ke tahowa da dare kuma ya fi dallare ido. Hawan jini da ciwon sukari kan shiga jiki shiru, mutum yana tafiya bai sani ba sai ranar da jiri ya ɗebe shi a kan sitiyari. Ga kuma gyangyaɗi. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne wanda zai ce bari ya haɗiyi taramol don ya yi daidai da yara. Goro da shayi ba sa biyan bashin barci, balle ƙwaya.

Ita ma mota ta canza. Wanda ya saba da tsohuwar Berliet ko Mercedes, wadda ake gyarawa da sifana da guduma a bakin hanya, yau za a miƙa masa Howo ko wata mai kwamfuta a ciki, wadda fitila ɗaya in ta kama a allon gaba sai an nemo mai na'ura. Takardun duwan sun koma cikin kwamfuta. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade nauyin da babbar mota za ta ɗauka, an kafa sikeli a kan hanyoyi, lodin wuce kima da aka saba da shi a da yana jawo tara. An sake shimfiɗa kwalta tsakanin Doso da Bella, ramukan da ke tilasta wa mutum taka birki sun tafi, ga babura da masu ƙafa uku sun cika ƙauyukan bakin hanya.

Batun tsaro kuwa shi ne babba. A da abin da direba ke tsoro shi ne ƴan fashi da faci cikin daji. Yau akwai nakiyar da ake binnewa da masu ɗauke da makamai. A watan Janairun 2025 aka sace direbobi huɗu ƴan Maroko a hanyar da ta tashi daga Dori zuwa iyakar Nijar, ba a same su ba sai cikin Agusta a ƙasar Mali. Daga Satumban 2025 an yi ta ƙona tankokin mai a hanyoyin Mali. Wanda zai ɗauki kaya ta irin waɗannan wurare ya cancanci a gaya masa gaskiya tun kafin ya tayar da mota.

Don haka muke kira da babbar murya. Ga sandikan direbobi, kada su sa sunan wanda ya daɗe bai yi tuƙi ba a layin lodi sai ya kawo takardar likita ta ido da jini, kuma a haɗa shi da direban da ke kan hanya su yi tafiya biyu ko uku tare. Babba ya koyi sabuwar mota da sabuwar hanya, yaro ya koyi haƙuri. Ga masu motoci, su daina amfani da matsuwar bayin Allah suna ɗaukar su da baki kawai. A rubuta yarjejeniya, a faɗi albashi da kuɗin hanya, a sa sunan direba a asusun CNSS, a tabbatar da inshora na aiki. Mun sha ganin yadda ake kawo gawar direba da buhun shinkafa ɗaya, daga nan shi ke nan, marayu sai Allah. Ga hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER da ofishin magajin garin Yelu, su haɗa hannu da asibitin Gaya a ware ranaku na auna ido da jini a tasha, a farashin da talaka zai iya. Rigakafi ya fi magani.

Ku kuma iyayenmu da yayyenmu masu komawa, girma ba ya faɗuwa don an tambayi yaro ma'anar fitila. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ku auna idonku, ku yi barci in barci ya zo, ku ƙi motar da birkinta ba shi da kyau ko da nawa aka yi muku alkawari. Iyalin da kuka fita dominsu sun fi buƙatar dawowarku bisa ga kuɗin da za ku aiko. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya.